Fankar Cikin Kwamfuta: A Ina Ya Kamata A Jona Ta?

  

A makon jiya mun buɗe akwatin kwamfutar tebur, mun bi kayan cikinsa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Yau za mu tsaya a kan wanda ya fi sauran araha, wato fanka. Dalili kuwa shi ne bazara ta kama. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, kuma a irin wannan lokaci ne kwamfutocin ɗakin karatu da na shagunan buga takardu suke fara gurnani, su riƙa nauyi, wani lokaci ma su ɗauke ana tsakiyar aiki. Shawarar da kowa ke kawowa ita ce a ƙara fanka. Shawara ce mai kyau, sai dai akwai tambayar da ake yawan tsallakewa: idan an sayo fankar, daga ina za ta sha wuta?

Kada ku raina wannan tambaya. Fanka kuɗinta kaɗan ne, amma idan aka jona ta inda bai dace ba, tana iya ƙona wani ɓangare na madabod, wato babban allon nan da komai na kwamfuta yake zaune a kansa. Idan kwamfutar makaranta ce, an rage wa aji guda wurin gwajin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta ake rubuta ta. Idan ta gida ce, kun san bayanin da za ku yi wa Baba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Abin da ya sa fanka ta zama dole

Duk wutar da kwamfuta ta sha, a ƙarshe zafi take komawa. Waɗanda suka fi fitar da zafin su ne furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, da katin hoto idan akwai shi. Shi ya sa ake ɗora wa furosesa wani ƙarfe mai haƙarƙari da yawa domin ya tsotse zafin, a ɗora fanka a kan ƙarfen ta riƙa kore shi. Sauran fankokin da ke jikin akwati aikinsu shi ne shigo da iska mai sanyi ta gaba, da fitar da mai zafi ta baya ko ta sama. Furosesa na zamani idan zafinsa ya doshi digiri 95 zuwa 100 yakan rage gudu da kansa don kada ya lalace, idan abin ya ci tura kuma ya kashe kwamfutar. Nauyin nan da kuke gani da rana tsaka, sau da yawa daga nan yake.

Fara da karanta takardar bayan fanka

Kowace fanka tana da 'yar takarda zagayayya manne a tsakiyar bayanta. Lambobi biyu muke nema a kanta. Ta farko tana da harafin V a gabanta, ita ce bolt. Ta biyu tana da harafin A, ita ce amfiya. Waɗanda suka kai aji biyar sun haɗu da su a darasin Fiziks. An samo bolt daga sunan Alessandro Volta na Italiya, amfiya kuma daga sunan André-Marie Ampère na Faransa.

Ga yadda za ku riƙe bambancinsu. Ku ɗauki tankin ruwa da aka ɗora a sama. Ƙarfin da yake turo ruwan da shi, shi ne bolt. Yawan ruwan da ke bi ta cikin bututu, shi ne amfiya. Idan turin ya fi ƙarfin famfo, famfon ne zai fashe. Idan kuma aka buɗe famfuna da yawa a kan siririn bututu guda, bututun ne zai sha wahala. To haka wuta take: bolt ɗin da ya wuce kima fanka yake kashewa, amfiyar da ta wuce kima kuma wurin da aka jona fankar take ƙonawa.

Fankokin kwamfutar tebur kusan duk na bolt 12 ne, za ku ga an rubuta DC 12V. Wannan shi ne abu na farko da za ku tabbatar a kasuwa, domin akwai fankoki masu kama da juna kamar an tsaga kara, amma wutarsu daban. Akwai ta bolt 5, wadda bolt 12 zai ƙona. Akwai ta bolt 24, irin wadda ake samu a wasu inbata, wadda a kan bolt 12 da ƙyar za ta juya, ko ma ta ƙi tashi. Akwai kuma wadda aka rubuta wa AC 220V, mai shan wutar soket kai tsaye. Wannan ko kyauta aka ba ku kada ta shiga cikin akwatin kwamfuta.

Lamba ta biyu ita ce ke yanke hukuncin inda za a jona fankar. Fanka ta yau da kullum mai faɗin milimita 120 takan ja tsakanin amfiya 0.1 da 0.3. Wani kamfanin yakan rubuta 250mA, wanda daidai yake da amfiya 0.25, sai ku raba da 1,000 kawai. Wani kuma wat yake rubutawa, da harafin W. Nan ma ba wuya: wat shi ne bolt sau amfiya. Fanka mai wat 2.4 a kan bolt 12, idan kuka raba 2.4 da 12, amfiya 0.2 take ja. Wannan lissafin da ake ba ku a allo, ga inda yake aiki.

Hanya ta farko: jonawa a madabod

Idan kuka duba madabod da kyau za ku ga wasu ƙananan mazaunai masu haƙoran ƙarfe uku ko huɗu a tsaye, da ɗan rubutu a gefensu. Wanda aka rubuta wa CPU_FAN na fankar furosesa ne. Waɗanda aka rubuta wa SYS_FAN ko CHA_FAN na fankokin jikin akwati ne. A bayan haƙoran akwai wani ɗan harshe na roba, kan wayar fankar kuma yana da tsaga da ta dace da shi, don kada a soka ta a juye. Idan kuka ji ta ƙi shiga, ku tsaya ku sake dubawa. Kayan kwamfuta ba a yi musu ƙarfi.

Fanka mai waya uku, waya ɗaya ce ke kawo bolt 12, ɗaya ta mayar da wutar, ta ukun kuma ita ce 'yar rahoto: tana gaya wa madabod sau nawa fankar ke juyawa a minti ɗaya. Idan madabod yana son rage mata gudu, sai ya rage bolt ɗin da yake ba ta.

Fanka mai waya huɗu ta fi wannan dabara. Bolt 12 ɗinta ba a taɓa shi. Waya ta huɗu ce ke kawo umarni, wani sigina da ke kunnuwa yana mutuwa kimanin sau 25,000 a sakan ɗaya, bisa tsarin da kamfanin Intel ya fitar. Ana kiran wannan PWM. Ku tuna mai keke da ke taka feda yana saki: idan takawar ta fi sakin yawa keken ya yi gudu, idan sakin ya fi yawa ya tafi a hankali. Haka fankar take bin umarnin, shi ya sa take iya tafiya a hankali ƙwarai ba tare da ta tsaya ba.

Fanka mai waya uku tana shiga mazauni mai haƙori huɗu, haƙori ɗaya ne zai rage a waje, kuma ba matsala. Sai dai tana iya yin gudunta na ƙarshe ba sassauci, har sai an shiga BIOS an sauya tsarin mazaunin daga PWM zuwa DC, a madabod ɗin da ya ba da damar haka.

Amfanin wannan hanya a bayyane yake. Kwamfuta tana ganin fankar, tana ƙara mata gudu idan zafi ya tashi, ta rage idan ya sauka, kuma idan fankar ta mutu za ta iya sanar da ku. Don haka ga doka ta farko da ba ta da togiya: fankar furosesa a CPU_FAN take zama. Idan aka ɗauke ta aka kai wani wuri, madabod da yawa za su tsaya tun wajen tashi su nuna saƙon cewa ba su ga fanka ba. Wasu masu gyara sukan shiga BIOS su kashe wannan gargaɗi don saƙon ya daina fitowa. Yin haka kamar sallamar mai gadi ne don yana tashin mutane da dare.

Amma mazaunin yana da iyaka. A yawancin madabod, mazauni ɗaya amfiya 1 yake ɗauka, wato wat 12. Akwai masu ɗaukar amfiya 2 ko ma 3, musamman waɗanda aka tanada don famfon sanyaya na ruwa, amma littafin madabod ɗin ne kaɗai zai tabbatar muku. Sunan madabod yana rubuce a jikinsa da manyan haruffa, kuma ana samun littafin a shafin kamfanin a intanet. Idan ba ku samu ba, ku ɗauka amfiya 1 ce.

Me ya sa iyakar ta yi ƙanƙanta haka, alhali akwatin wuta yana iya ba da wat 300 ko fiye? Domin kafin wutar ta iso haƙoran, sai ta bi ta wasu siraran layukan tagulla da ke shimfiɗe a jikin allon, ta ratsa wata 'yar na'ura da ba ta kai ƙwayar wake ba. Su ne siririn bututun da muka ambata. Idan aka ja fiye da ƙarfinsu sai su yi zafi. Idan an yi sa'a mazaunin ne kawai zai mutu. Idan ba a yi ba, ƙunar ta taɓa maƙwabta.

Waya mai rassa da lissafinta

Kwamfutoci da yawa mazauni ɗaya ko biyu kawai suke da shi na fankar akwati. Shi ya sa ake sayar da waya mai rassa, wadda kanta ɗaya ke shiga madabod, ta rabu biyu ko uku ko fiye. A nan ne aka fi yin ɓarna, don ana ganin tunda akwai reshe, sai a cika shi.

Fankokin da ke kan waya mai rassa suna cikin haɗin da malamin Fiziks ke kira faralel. Kowacce tana samun cikakken bolt 12, amma amfiyarsu tarawa ake yi, kuma jimlar duk ta mazauni ɗaya take bi. Bari mu gwada. A ce kuna da fanka uku, kowacce amfiya 0.16. Jimla 0.48, ko rabin iyaka ba ta kai ba, sai ku jona hankali kwance. A ce kuma fanka huɗu ne, kowacce 0.30. Jimla 1.2, an wuce iyaka, ko da wayar tana da rassa huɗu.

Akwai kuma abin da takardar wasu fankoki ba ta faɗa. A lokacin da fanka ke tashi daga tsaye takan ja wuta fiye da yadda take ja idan ta kama gudu, kamar yadda mai turin kura ya fi shan wahala a takun farko. Kuma duk fankokin tare suke tashi idan aka kunna kwamfuta. Saboda haka shawararmu ita ce kada jimlarku ta wuce amfiya 0.8 a mazauni mai ɗaukar 1. Ragowar ku bar ta don wannan tashin, da kuma ranar da ƙurar hunturu za ta sa fankar ta yi nauyi.

Ku kula da wata irin fanka mai kauri da nauyi da ake cirowa daga manyan kwamfutocin saba, ana sayar da ita a cikin tsofaffin kaya. Iskarta kamar guguwa, shi ya sa take burge mai saye. Ku juya bayanta. Irin waɗannan akwai masu jan amfiya 1.5, akwai masu wuce 2. Ita kaɗai ta fi ƙarfin mazaunin madabod, ba sai an haɗa ta da kowa ba.

Idan kuka ga reshe ɗaya ne kawai yake da cikakkun haƙora, sauran kuma an cire musu ɗaya, kada ku ce an cuce ku. Da gangan aka yi, domin fanka ɗaya ce ya kamata ta riƙa kai rahoton gudu. Idan biyu suka yi magana lokaci guda a waya ɗaya, madabod ba zai gane ko ɗaya ba.

Hanya ta biyu: kai tsaye daga akwatin wuta

Akwatin wuta, wanda masu gyara ke ce wa fawa-fak, shi ne ke karɓar wutar soket ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3 don kayan ciki. Daga cikin wayoyinsa akwai kai iri biyu da fanka ke iya sha. Na farko shi ne wanda ake kira Molex, babban kai mai rami huɗu, da waya rawaya ɗaya, baƙaƙe biyu, ja ɗaya. Rawayar bolt 12 ce, jar bolt 5, baƙaƙen kuma na mayar da wuta. Na biyu shi ne kan SATA, siriri mai faɗi, wanda ake jona wa hadis. Akwai fankokin da suke zuwa da kan Molex tun daga kamfani, akwai kuma 'yar wayar canji da ke haɗa fanka ta yau da kullum da shi.

A wannan hanya madabod ya huta, don wutar ba ta bi ta kansa ba. Shi kuwa akwatin wuta, fanka biyar masu wat 2.4 wat 12 ne kacal a wurinsa. Nan ne mazaunin fanka mai jan wuta da yawa. Abin da aka rasa shi ne iko da labari. Fankar za ta yi gudunta na ƙarshe daga kunnawa har kashewa, da ƙararta da komai, tana kuma zuƙo ƙura fiye da buƙata. Ranar da ta tsaya, kwamfuta ba za ta sani ba. Don haka wannan hanya ta fankar akwati ce, ba a kai fankar furosesa can.

Akwai wata dabara da za ku iya ji a bakin masu gyara, ta jona fanka tsakanin waya rawaya da ja don ta sami bolt 7, wato 12 a debe 5, ta rage ƙara. Lissafin daidai ne, amma wutar da ta fito daga fankar tana komawa ne cikin layin bolt 5, wanda ba don haka aka yi shi ba, kuma wasu akwatunan wuta ba sa jure wa hakan. Ku bar ta.

Sai wayoyin canji masu arha da ke mayar da Molex zuwa SATA. Waɗanda aka narka robar kansu a kan wayoyin sun yi ƙaurin suna wajen narkewa, har da kamawa da wuta. Idan dole sai kun saya, ku nemi wadda ake ganin kowace waya ta shiga ramin kanta daban. Araha ba ta ado.

Hanya ta uku: matattarar fankoki

Wannan wani ɗan akwati ne ko ɗan allo mai mazaunai da yawa, daga huɗu har zuwa goma. Wayoyi biyu ke fita daga jikinsa. Ɗaya tana zuwa kan SATA ta ɗebo wuta daga akwatin wuta, ɗaya kuma siririya tana zuwa madabod ta karɓo umarnin gudu kawai. Ke nan an haɗa amfanin hanyoyi biyun farko: nauyin yana kan akwatin wuta, iko yana hannun madabod. Ga mai fanka huɗu ko fiye, wannan ce hanyar da ta fi kwanciyar hankali.

Abu uku za ku duba kafin ku biya. Na ɗaya, ku tabbata tana da wayar SATA ko Molex. Matattarar da ba ta da ita waya mai rassa ce kawai aka sa wa riga, lissafin amfiya 1 yana nan a kanta. Na biyu, yawancinsu da fanka mai waya huɗu suke aiki sosai, mai waya uku a kansu gudun ƙarshe za ta yi ta yi. Na uku, ita ma tana da iyaka. Kan SATA an tsara shi ya ɗauki amfiya 4.5 a layin bolt 12, wato wat 54, kuma matattarar kanta tana iya gaza haka, sai a karanta kwalinta.

Tarkon launin waya

Wannan sashe mun keɓe shi ne saboda al'adar nan ta yanke waya a murɗa da wata a naɗe da salatif. Mai yin haka launi yake bi, rawaya da rawaya, ja da ja. To ga inda gizo ke saƙar. Mun ce a akwatin wuta rawaya ce bolt 12, ja kuma bolt 5. Amma a yawancin fankoki masu waya uku, ja ce ke karɓar bolt 12, rawayar kuma ita ce 'yar rahoto. Wanda ya haɗa rawaya da rawaya ya tura bolt 12 cikin wayar rahoto, abin da ke iya kashe fankar nan take. A fanka mai waya huɗu ta tsarin Intel kuma launukan sun sake sauyawa: baƙa, rawaya, koriya da shuɗiya, inda rawayar ta koma bolt 12. Wasu kamfanonin ma duk wayoyin baƙaƙe suke yi. Launi ba abin dogaro ba ne. Matsayin waya a cikin kai shi ne abin lura, kuma kan da kamfani ya yi ya riga ya jera su daidai. Ku sayi wayar canji ku bar reza.

Fanka mai fitilu masu launi ma tana da nata tarkon. Sau da yawa waya biyu take da su, ta juyawa da ta haske. Mazaunin haske iri biyu ne a madabod: mai haƙori huɗu na bolt 12, da mai haƙori uku da giɓi ɗaya na bolt 5. Fitilun bolt 5 idan suka ɗanɗani bolt 12 sun gama aiki. Wayar haske ba ta shiga mazaunin fanka, ta fanka ma ba ta shiga na haske.

Masu tunanin jona fankar ciki a USB kuma, USB bolt 5 yake bayarwa. Fanka mai bolt 12 a kansa ko dai ta ƙi tashi, ko ta riƙa juyi kamar mai jin barci.

Idan kwamfutar tokumbo ce

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke makarantunmu da shagunanmu na ofisoshin ƙasashen waje ne da aka shigo da su bayan an yi amfani da su, irin su Dell da HP da Lenovo. Waɗannan ba kullum suke bin tsarin gama-gari ba. Kwamfutocin Dell da yawa, alal misali, mazaunin fankarsu mai gurbi biyar ne, kuma jerin wayoyinsa daban yake. Fankar kasuwa ba za ta zauna a kai ba sai da wayar canji da aka yi musamman dominsa. Wasu ƙananan samfura kuma akwatin wutarsu ba shi da Molex ko ɗaya, wayar SATA ɗin ma daga jikin madabod take fitowa. A irin wannan, ko matattara kuka sa, nauyin ya sake komawa kan madabod. Fanka ɗaya mai jan wuta kaɗan ta isa, tare da share ƙura a kai a kai.

Ku kuma leƙa bayan akwatin wutar. Tsofaffi suna da wani ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Wutar Najeriya da Nijar da Ghana ta ɓangaren 230 ce, ta Amurka kuma ta ɓangaren 115. Kwamfutar da ta zo daga can makunninta yana kan 115, aka soka ta a soket ɗinmu, ƙara ɗaya za ku ji sai hayaƙi.

Kafin ku sa hannu

Ku nemi izini tukuna. Kwamfutar makaranta ba a buɗe ta sai malamin kwamfuta yana tsaye, ta gida kuma sai da sanin mai ita.

Ku kashe kwamfutar, ku zare wayarta daga soket ko daga UPS gaba ɗaya. Kashewa kaɗai ba ta isa ba, domin muddin wayar tana jone akwai bolt 5 da ke zaune a madabod yana jiran a kunna. Ɗaukewar wutar NEPA ma ba kashewa ba ce, tana iya dawowa hannunku yana ciki. Bayan kun zare, ku danna makunnin gaba na 'yan sakanni don ragowar wutar ta fita.

Ku taɓa ƙarfen akwatin kafin ku taɓa madabod. Ɗan tartsatsin nan da kuke ji a yatsa lokacin hunturu idan kun taɓa ƙofar mota, ya isa ya lalata ƙananan kayan allon.

Shi kuwa akwatin wuta, kada ku kwance shi ko da fankar cikinsa ce ta tsaya. A cikinsa akwai kafasito masu riƙe wuta mai ƙarfin da zai iya kashe mutum, kuma suna iya riƙe ta bayan an zare waya. Wannan aikin ƙwararru ne, sau da yawa ma sauya akwatin ake yi ɗungurungum.

Idan kuna hure ƙura da bulowa, ku riƙe fukafukan fankar da yatsa. Fankar da iska ke juyawa da ƙarfi tana komawa ɗan ƙaramin janareta, ta tura wuta baya cikin madabod, ga kuma wahalar da take ba gindin juyawarta.

Wajen ɗaurawa, ku duba gefen fankar, galibi akwai kibiya da ke nuna inda iska ke bi. Idan babu, iska tana fita ne ta ɓangaren da takardar take. Ku ɗaure wayoyi nesa da fukafukai. Bayan kun gama, ku kunna kafin ku rufe murfin, ku ga kowace fanka ta tashi da idonku, ku kuma shiga BIOS ku ga ko lambar gudunta ta fito. Idan kuka ji ƙaurin roba, ku zare waya nan take.

To wacce za a zaɓa?

Amsar tana cikin lissafi. Fankar furosesa, CPU_FAN. Fankar akwati ɗaya ko biyu, kowacce ta sami mazauninta a madabod. Idan mazaunai sun ƙare, waya mai rassa, muddin jimla ba ta wuce amfiya 0.8 ba. Idan ta wuce, matattara mai shan wuta daga SATA. Fanka mai jan amfiya 1 ko fiye ita kaɗai, ta tafi akwatin wuta kai tsaye. Kuma kafin ku kashe ko sisi, ku fara share ƙurar da ta toshe ƙarfen furosesa da ramukan iska, ku janye kwamfutar daga jikin bango. Sau da yawa fankokin da ke ciki sun isa, hanya ce kawai aka toshe musu.

Ga aikin gida. Wata kwamfuta tana da mazaunin SYS_FAN guda ɗaya mai ɗaukar amfiya 1. An kawo fanka uku, duk na bolt 12. Ta farko an rubuta mata 0.18A, ta biyu 350mA, ta uku 4.2W. Shin za a iya haɗa su duka a waya mai rassa bisa shawarar da muka bayar? Idan ba za a iya ba, yaya za ku raba su? Ku yi lissafin a littafinku, ku nuna wa malamin Fiziks ko na kwamfuta, mu kuma za mu kawo amsar a fitowa ta gaba, inda za mu yi magana a kan man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfensa, da lokacin da ya kamata a sabunta shi.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A yi karatu da kyau.